Darasi na Tara: Tatsar Inzayim Daga Shukar da Aka Sauya wa Ƙwayar Halitta

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake dama kunun zaƙi ya ga aikin inzayim, ko da bai san sunansa ba. Idan aka zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi a cikin gasara mai kauri, sai ta tsinke, ta kuma yi zaƙi. Abin da ya haddasa haka shi ne amiles, wani sinadari da ke farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Ire-irensa su ake kira inzayim. Yana da kyau ɗalibi mai shirin zama malami ya fara daga wannan misali, domin yaro ya san kunu tun kafin ya san kimiyya.

Masana'antu ma na buƙatar amiles. A masaƙa, akan shafa wa zare sitaci don kada ya riƙa katsewa, sannan a wanke sitacin da amiles kafin rini. Wannan ya shafi unguwar Kakuri da ke kudancin kogin Kaduna, inda aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu suka biyo baya, kafin akasarinsu su durƙushe a shekarun 2000.

Galibi daga ƙananan halittu ake samun inzayim a cikin manyan tankuna. Amma masana sun gano cewa ana iya dasa wa masara ƙwayar halittar da ke samar da shi, ta yadda za ta tara shi a cikin tsabarta. Bayan girbi sai a niƙa, a jiƙa garin a ruwa mai gishiri, a tace, a ware inzayim ɗin daga sauran sinadarai, a busar. Wannan rarrabewa ce ta fi cin kuɗi. Shi ya sa masarar Enogen, wadda Amurka ta amince da nomanta a 2011, ba a wahalar da kai wajen tatsarta; niƙa ta ake yi ɗungurungum wajen haɗa man itanol.

Sai dai akwai haɗari. Masu sarrafa abinci a Amurka sun koka cewa ko kaɗan ta gauraya da masarar ci, gari zai ɓaci. A nan, inda ake auna hatsin gonaki dabam-dabam a tiya ɗaya, tuwo ne zai ƙi ɗauri. Kada kuma a rikita ta da masarar TELA ta cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, wadda aka saki a 2024. Ita maganin tsutsa da fari aka yi ta dominsa.

Jinga: Kalmar "inzayim" aro ce. Ƙirƙiro mata suna na Hausa daga misalin kunu, ka kuma kare zaɓinka a sakin layi ɗaya.