Zaɓen Masauki Ga Musulmi Mai Tafiya Hutu Tsibiran Teku

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya hore teku domin amfanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tafiya ba baƙon abu ba ce ga mutanen Gwarzo da Kabo. Garuruwan nan biyu suna yamma da birnin Kano, a yankin da babbar hanya ta ratsa ta nufi Dayi da Malumfashi, kuma kasuwar Getso ta daɗe tana tara baƙi daga nesa. Har ila yau, sunan Kabo ya kai ƙasashen waje ta dalilin kamfanin jiragen sama na Kabo Air, wanda marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa a 1980, ya kuma yi shekaru yana jigilar alhazai zuwa ƙasa mai tsarki. A da, fatauci da neman ilimi da aikin Hajji su ne ke fitar da mutum daga gida. To, yanzu an sami wata tafiya ta huɗu, watau tafiyar hutawa, inda waɗansu masu hali, 'yan kasuwa da ma'aikata da sababbin ma'aurata, kan nufi tsibiran Tekun Indiya kamar Zanzibar da Maldif. Darasin wannan mako ya shafi abu guda daga cikin wannan tafiya, shi ne inda matafiyi zai sauka.

HUKUNCIN TAFIYAR KANTA

Asalin tafiya a bayan ƙasa halal ne. A aya ta 20 ta Suratul Ankabut, Allah Ya umurci bayinSa da su yi tafiya su dubi yadda Ya fari halitta, haka kuma aya ta 15 ta Suratul Mulk ta yi izinin yawatawa a sassan ƙasa da cin arzikin da ke cikinta. Hausawa ma sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma halaccin nan yana da iyaka. Wanda ake bi bashin da lokacin biyansa ya yi, ko wanda bai fitar da zakkar dukiyarsa ba, ko wanda zai bar iyalinsa babu abin sawa a tukunya, lalle waɗannan haƙƙoƙi su ne a gaba. Ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra'i sun yi kakkausan hani ga almubazzaranci, sun kuwa zo ne daf da umurnin ba dangi da miskini da ɗan hanya haƙƙinsu.

MATSAYIN MASAUKI

Masauki ba ƙaramin al'amari ba ne a Musulunci. Sa'ad da Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yake cikin jirgi, an koya masa ya roƙi Ubangijinsa sauka mai albarka, kamar yadda ya zo a aya ta 29 ta Suratul Muminun. Sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira a shekarar 622 Miladiyya, manyan gidajen Madina kowanne ya so ya sauka a wurinsa, amma ya bar taguwarsa ta tafi har inda ta durƙusa, ya sauka a gidan Abu Ayyubal Ansari. Da farko ma ya zaɓi ɗakin ƙasa, domin ya fi sauƙi gare shi da masu zuwa ganinsa. Wannan ya nuna ana zaɓen masauki ne saboda maslaha, ba saboda ƙawa ba.

Magabatan Hausawa sun gane haka sarai. Fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro ba sa yada zango sai inda madugu ya amince da ruwansa da tsaronsa. In sun isa gari kuwa, sai su nemi fatoma, watau mai masauki, wanda zai ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu in rigima ta taso. Daga wannan al'ada ce aka sami unguwannin Zango a Kumasi da Ankara, da Sabo a Ibadan. Abin da bafatake ke fara tambaya shi ne amanar mai gidan da kusancin masallaci.

Su ma tsibiran nan akwai tsohuwar alaƙa tsakaninsu da ƙasar Hausa. Shahararren matafiyin nan Ibn Batuta ya zauna a Maldif wajen 1343 zuwa 1344, har ya yi alƙalanci a can. Ya ba da labarin cewa in jirgin ruwa ya iso, mutanen tsibirin sukan tarye shi da ƙananan jirage, kowa ya miƙa kwakwa ga wanda ya ga dama daga cikin matafiya, daga nan ya zama baƙonsa, ya kai shi gidansa kamar ɗan'uwa. Shi ne kuma ya biyo ta Tagidda a 1353, ya ambaci Gobir a labarinsa. Bugu da ƙari, wurin da aka yi ta ciniki da shi a Afirka ta Yamma, asalin mafi yawansa daga tekun Maldif ne, kuma da shi Baturen nan Dokta Barth ya tarar ana saye da sayarwa a Kano a 1851.

SHARAƊI NA FARKO: SALLA

Abin da ya kamata matafiyi ya fara dubawa shi ne yadda sallarsa za ta kasance. A mazhabar Imamu Malik ana yin ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Saboda haka mutumin Gwarzo da ya ɗaura niyyar zuwa Zanzibar zai soma ƙasaru da zarar ya wuce gidajen garinsu. Amma in ya isa ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku, hukuncin matafiyi ya faɗi daga kansa, sai ya cika sallarsa. Mutane da yawa kan yi kuskure a nan, su kama ɗaki na mako guda suna ta yin raka'a biyu-biyu. Haka kuma Juma'a takan wajaba a kansa idan masallacin da ake yin ta bai wuce kimanin mil 3 daga inda yake ba. Malaman mazhaba sun kuma bayyana cewa rangwamen ƙasaru ba na wanda ya fita domin saɓo ba ne, sun kuma karhanta shi ga wanda tafiyarsa ta wasan banza ce zalla. Wannan dalili ne babba na gyara niyya tun daga gida.

Sai batun alƙibla. A ƙasar Kano an saba cewa mai salla ya fuskanci gabas, har kalmar ta zama kamar sunan alƙibla. To, a Zanzibar alƙibla tana arewa ne kusan sak, a Maldif kuwa arewa maso yamma. Wanda ya shimfiɗa dardumarsa a Maldif ya dubi mafitar rana bisa sabo, ya kusa juya wa Ka'aba baya. Wajibi ne ya tambayi mutanen wurin, ko ya dubi mihirabin masallaci, ko ya yi amfani da na'urar nuna alƙibla. Matambayi ba ya ɓata.

SHARAƊI NA BIYU: MAƘWABTA

Magabata sun yi wasiyya da a binciki maƙwabci kafin gida, a binciki abokin tafiya kafin hanya. Hausawa kuma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A nan ne sanin tsarin kowane tsibiri yake da amfani.

Maldif ƙasar Musulmi ce tun 1153, tana da ƙananan tsibirai kusan 1,200, amma waɗanda ke da garuruwa ba su wuce kimanin 200 ba. Tun da aka buɗe masaukin 'yan yawon buɗe ido na farko a 1972, tsarin da aka bi shi ne a ware tsibiri guda ga hotal guda, nesa da jama'ar ƙasa. A irin waɗannan ne doka ta yarda a sayar da giya, alhali an hana ta a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune. Daga 2009 aka ba da izinin buɗe ƙananan gidajen baƙi a cikin garuruwan jama'a. Ke nan matafiyi yana da zaɓi biyu. Na farko ya fi tsada da ƙawa, amma yana iya rasa jam'i da kiran salla, sai fa in akwai masallacin ma'aikata, abin da ya kamata ya tambaya tun kafin ya biya. Na biyu ya fi sauƙin kuɗi, ga masallaci kusa, ga abinci na halal.

Zanzibar kuwa, wadda ta haɗu da Tanganyika a 1964 aka sami Tanzaniya, mafi yawan mutanenta Musulmi ne, har akwai masallaci a Kizimkazi mai ɗauke da rubutun shekara ta 500 bayan Hijira, watau 1107. Wanda ya sauka a tsohon birni yana tsakiyar masallatai. Amma a bakin teku akwai wuraren da suka yi suna da kiɗa da rawa da shaye-shaye har tsakar dare. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya hana mumini zama a kan teburin da ake zagayawa da giya, ayoyi na 30 da 31 na Suratun Nur kuma sun wajabta runtse gani a kan maza da mata. Magidancin da ya kai iyalinsa inda ba za a iya kiyaye waɗannan ba, ya sayo wa kansa fitina da kuɗinsa.

SHARAƊI NA UKU: ABINCI

Allah Ya yalwata wa mazauna bakin teku. Aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo daga teku, kuma hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ya tabbatar da tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. Don haka kifi da sauran dabbobin ruwa babu damuwa a kansu a mazhabar Malik. Abin lura shi ne naman da ba a san yankansa ba, da girkin da ake zuba wa giya, da tukwanen da aka dafa alade a ciki. Babu kunya ga baƙo ya tambayi masu girki.

SHARAƊI NA HUƊU: TSARON RAI

Kiyaye rai yana daga cikin manyan manufofin Shari'a. Muslim ya ruwaito hani ga matafiya su kwana a kan hanya da dare, domin ita ce mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hani ga ayari su warwatsu in sun yada zango, da hani ga kwana a kan soron da ba shi da katanga. Duk waɗannan suna koyar da duba lafiyar wuri kafin a sauka. Mutumin Kabo wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne rafi da dam, kada ya ɗauka teku haka take. Ya tambayi nisan masaukin daga asibiti, da yadda ake fita daga tsibirin in larura ta taso cikin dare. Ya kuma san lokacin damina, domin a Zanzibar ruwa ya fi ƙarfi daga Maris zuwa Mayu, a Maldif kuwa daga Mayu zuwa wajen Oktoba. Rigakafi ya fi magani.

SHARAƊI NA BIYAR: TSABTAR CINIKI

Kama ɗaki haya ce, sharaɗin haya kuwa shi ne a san kuɗi, a san kwanaki, a san abin da aka kama. Yanzu yawanci ta intanet ake kama masauki, mutum bai ga kome ba sai hoto. Malaman Malikiyya sun halatta cinikin abin da ba ya nan bisa siffantawa, tare da cewa in aka tarar da shi saɓanin yadda aka siffanta, mai saye yana da zaɓin fasawa. Saboda haka ya kamata a tabbatar da kome a rubuce: kuɗin ɗaki, da haraji, da abinci, da kuɗin jirgin da zai kai mutum tsibirin, wanda a Maldif yakan zama kaso mai nauyi. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar nagarta ba.

HAƘƘIN MASU MASAUKI

Kamar yadda baƙo yake da haƙƙi, haka akwai haƙƙi a kansa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa liyafa kwana 3 ce, abin da ya ƙaru sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Wanda ya sauka a gidan haya ya biya abin da aka yi alkawari, ya kyautata wa ma'aikata, ya kiyaye kayan ɗaki domin amana ne. Mutanen waɗannan tsibirai galibinsu mabiya mazhabar Shafi'i ne, don haka in ya ga ɗan bambanci a sallarsu kada ya yi gaggawar inkari. Baƙo raɓa ne, gobe zai wuce, amma sunan da ya bari shi za a riƙa auna mutanen ƙasarsa da shi.

A ƙarshe, in matafiyi ya isa masaukinsa, sunna ce ya nemi tsari da cikakkun kalmomin Allah daga sharrin abin da Ya halitta, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Haulatu 'yar Hakim, tare da albishir cewa babu abin da zai cuce shi har ya bar wurin. In kuma ya biya bukatarsa, sai ya gaggauta komawa ga iyalinsa, domin haka Manzon Allah ya yi umurni. Wanda ya dawo Gwarzo ko Kabo sallarsa cikakkiya, mutuncin iyalinsa a tsare, babu bashi a wuyansa, shi ne ya huta hutu na gaskiya.

Allah shi ne Mafi sani. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya saukar da su sauka mai albarka, Ya komo da su ga iyalansu cikin aminci. Amin.