Kaka Bajamushe a Salsalar Bahaushe: Yadda Za a Bi Diddiginsa a Ƙasar Rano da Kibiya

Gabatarwa

Asali abu ne mai nauyi a wurin Bahaushe. Kafin a ba da mace aure sai an binciki asalin mai nema, kafin a naɗa sarauta sai an duba gidan da mutum ya fito, haka nan alƙali ba ya raba gado sai ya tabbatar da wane ne ɗan wane. Saboda haka idan aka ce wani gida a ƙasar Rano ko Kibiya kakansu Bajamushe ne wanda ya zo zamanin Turawa, maganar ta wuce hira, domin tana iya ɗaga gida, tana kuma iya ɓata aure. Wannan maƙala za ta duba hanyar da mai bincike zai bi ya auna irin wannan magana. Abin da take son nunawa shi ne, tun kafin a nufi gidan ajiye takardu, harshen Hausa kansa yana warware rabin matsalar, domin kalmomin "Bature" da "Jamus" ba kullum suke nufin jini ba.

Wane ne Bature?

A yau da an ce Bature hankali sai ya tafi ga mutumin Turai. A da kuwa ba haka abin yake ba. Kafin zuwan Ingilishi, Kanawa suna kiran Larabawan da suke ƙetaro Hamada daga Turabulus da Gadamas da sunan Turawa, kuma shaidar wannan tana nan a cikin birni, watau unguwar Dandalin Turawa, wadda mazaunanta na asali Larabawa ne 'yan kasuwa. Mutanen Turai kuwa an fi kiran su Nasara. To, ƙasar Rano ƙasar marina ce tun fil azal, har labarin Bayajida ya ba Kano da Rano sarautar baba, kuma baƙin tufafin da ake rinawa a Rano da Bunkure da Kura ta hannun irin waɗannan fatake suke bi zuwa Hamada. Ke nan idan tsohuwa ta ce kakan kakanta Bature ne, wajibi ne a tambaye ta: wane irin Bature? Balarabe Musulmi ya fi Bajamushe saukin samun mata a gidan marini nesa ba kusa ba.

Bayan wannan akwai laƙabi. Yaron da aka haifa ranar Talata akan kira shi Bature, yarinya kuma Baturiya ko Turai, haka nan yaron da ya zo da hasken fata. Al'adar alkunya kuwa tana binne sunan yanka: mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin na ɗan fari, jikoki kuma abin da suka ji shi suke maimaitawa. Bayan zuriya uku sunan yanka ya ɓace, laƙabi ya rage shi kaɗai, sai na baya su ƙirƙiro masa dalili. Har ila yau akwai wanda ya yi wa Bature aikin kuku ko masinja aka riƙa ce masa, alal misali, Audu na Bature. Ƙaramar kalmar nan "na" ba ta da wuyar faɗuwa a bakin mutane, kuma da ta faɗi bara ya koma ubangidansa.

Ita kalmar "Jamus" baƙuwa ce, aro ce daga Ingilishi, kuma ƙasar da take nufi ba ta haɗu ta zama daula ɗaya ba sai a 1871. Duk labarin da ya sa Bajamushe a Rano zamanin Haɓe, ko farkon mulkin Fulani, to an ɗora masa wannan suna ne daga baya.

Jamusawan da suka taka ƙasar Kano

Ba su da yawa, kuma sun bar rubutu, saboda haka ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851 zamanin Sarki Usman, ya sake dawowa a 1854. Daga Katsina ya shigo, ta Gumel ya fita zuwa Kukawa, watau bai bi ta kudu inda Rano take ba. Ya zo ne a matsayin manzon gwamnatin Ingila, ya kuma mutu a Berlin a 1865 bai yi aure ba. Paul Staudinger ya zo a 1885 zamanin Sarki Bello, yana cikin tawagar da ta ɗauko kyautar Sarkin Jamus zuwa ga Sarkin Musulmi Umaru, ya biyo hanyar Zariya, bai daɗe ba ya wuce. Waɗannan matafiya ne, ba mazauna ba.

Wanda ya zauna sosai, kuma ake yawan ɗauka Bajamushe ne, shi ne Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909. Jamusanci ne harshensa, amma a Basel ta ƙasar Suwizalan aka haife shi a 1876, ya karɓi takardar zama ɗan Ingila, matarsa Isabelle kuma Baturiya ce da ta zauna tare da shi a gidan da har yanzu ake kira Gidan Ɗan Hausa.

Saura 'yan kasuwa, kuma a nan ne ya kamata mai bincike ya kafa idonsa. Kamfanonin Hamburg irin su G. L. Gaiser sun daɗe a Ikko, amma ƙasar Kano ba ta buɗe wa kantunan Turawa sosai ba sai da jirgin ƙasa ya iso a 1911. Shekara uku kacal bayan haka, a 1914, aka shiga yaƙin duniya na farko, aka kama Jamusawan da ke Nijeriya aka fitar da su, aka yi gwanjon dukiyar kamfanoninsu a Landan a 1916. Sun dawo a shekarun 1920, aka sake kwashe su a 1939. Ke nan ƙofa biyu ce kawai: daga 1911 zuwa 1914, sa'an nan daga shekarun 1920 zuwa 1939. Labarin da bai shiga ɗaya daga cikinsu ba yana da rauni.

Jamus ta hanyar aiki da fatauci

Dangantakar Hausawa da Jamusawa wadda takardu suka fi tabbatarwa ta aiki ce. Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne na Dorugu da Abbega, yara biyu da Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya 'yanta daga bauta. Barth ya tafi da su Turai a 1855. Dorugu ya zauna da J. F. Schön, wani Bajamushe ɗan mishan, wanda ya rubuta labarinsa cikin littafin Magana Hausa, daga baya ya dawo ya koyar a makarantar Nasarawa, ya mutu a Kano a 1912. Abbega kuwa ya zama sarkin Lakwaja. Jikansa ta wajen uwa, Maimaina, wanda aka haifa a Jega a 1874, ya zama Sarkin Askira, aka kuma buga tarihin rayuwarsa a Zariya a 1958. Ga zuriya wadda ta taɓa ƙasar Jamus, ana iya bin ta daga kaka zuwa jika a rubuce, amma babu ɗigon jinin Bajamushe a cikinta. Da ba don rubutun ba, da wuya a ce baki bai mai da Abbega Bajamushe ba.

Sai soja. Jamusawa sun ɗauki Hausawa aikin ɗan sanda da soja a Togo da Kamaru tun daga shekarun 1880. Chari Maigumeri, mutumin Barno, ya fara aikin soja ne a ƙarƙashinsu, aka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunar Ingilishi, ya yi yaƙin Burma, ya bar aiki a 1953, yanzu kuma barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. A ɗaya ɓangaren kuma an kwashi sojoji da 'yan alaro daga lardunan Arewa zuwa yaƙin Kamaru, wanda bai ƙare ba sai da Mora ta miƙa wuya a Fabrairu 1916. Wanda ya dawo gida daga can, ba abin mamaki ba ne a laƙa masa Jamus, kamar yadda ake ce wa wanda ya saba fataucin goro Ɗangwanja.

Su ma fataken goro suna da nasu rabo. Kete Krachi, babban zangon Hausawa a bakin kogin Volta, yana ƙarƙashin Jamus ne har 1914. A can ne Imam Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya zauna yana rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich tarihin ƙasashen Hausa da ajami, ya rasu a 1934. Bafatake daga Kibiya da ya yi shekara goma a wannan zango, idan ya komo, zai ce ya zauna a ƙasar Jamus ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Inda jinin ya tabbata

Yana da kyau a duba yadda abin yake a inda Jamusawa suka yi mulki suka haihu. Nicolas Grunitzky, wanda aka haifa a Atakpame a 1913, ubansa Bajamushe ne, uwarsa 'yar Togo, ya kuma shugabanci ƙasar daga 1963 zuwa 1967. Sunan uban ya bi ɗan, garin haihuwa sananne ne, shekarar kuma ta faɗo cikin zamanin mulkin Jamus. Irin wannan haɗuwar suna da wuri da zamani ita ce ake nema.

A Rano da Kibiya samun ta ya fi wuya, saboda dalilai biyu. Na farko, dokar ƙasa ta 1910 ta hana baƙo riƙe fili a Arewa sai da takardar izini daga Gwamna, kantunan Turawa kuma an tsare su ne a wajen birni da tashoshin jirgi, layin dogo kuwa ta yamma da Rano ya bi, ta Madobi da Dangora. Na biyu, shari'a ba ta yarda Musulma ta auri wanda ba Musulmi ba, ɗan da aka samu ba ta aure ba kuma ba ya gadon uba, ga dangin uwa ake jingina shi. Saboda haka idan har an samu ɗa ruwa-biyu, abin da ya fi yiwuwa shi ne an same shi a Kano ko wata tasha, uwar ta dawo da shi ƙauye, aka rufe maganar. Wannan shi ya sa gidan da labarinsa gaskiya ne sau da yawa shi ya fi kowa shiru.

Matakan bincike

A fara da baki, kuma a fara da tsofaffin mata, domin maroƙa da masu kirari layin maza suke riƙewa, mai bincike kuwa wata mace yake nema wadda ta bar gari ta dawo da goyo. Kada a tambayi shekara da lissafin Turawa. A tambaya: zamanin wane sarki ne? Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. Ko a tambaya: kafin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ne ko bayanta? Kafin annobar Marisuwa ta 1918 ne? A ji mutum uku a keɓe, kada a tara su wuri ɗaya, domin ƙarami ba ya musa wa babba a gaban jama'a.

Daga nan sai takardu. Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin Lardin Kano, ciki har da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, da takardun filaye. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Littattafan kotu da aka rubuta da Larabci suna da amfani ƙwarai a kan gado da nasaba, kuma wanda yake son ganin irinsu ya duba shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994.

Ba a zuwa takardun Jamus sai da suna, ko da gurɓatacce ne, domin Bahaushe yakan sake wa Bature suna gaba ɗaya: G. A. Krause ya zama Malam Musa, Vischer ya zama Ɗan Hausa. Idan sunan ya samu, gidan takardu na Hamburg yana da jerin fasinjojin jiragen ruwa daga 1850 zuwa 1934, ban da shekarun yaƙi, ana kuma iya duba shi ta intanet. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta game ƙasar Jamus duka tun daga 1876, kafin nan kuwa galibi sai littattafan coci.

Gwajin ƙwayoyin halitta da ake yi yanzu yana taimakawa, amma yana da iyaka. Rabon kaka a jikin jika kimanin kashi 25 ne cikin ɗari, na uban kaka kimanin 12 da rabi, haka yake raguwa da rabi a kowace zuriya. Gwajin yana iya cewa akwai jinin Turai, amma raba Bajamushe da ɗan Holan ko ɗan Suwizalan yana yi masa wuya, kuma jinin Larabawan arewacin Afirka yakan rikitar da sakamakon. Idan an bi ta layin maza zalla, watau daga uba zuwa ɗa, alamar ba ta raguwa, sai dai tana yankewa da zarar mace ta shiga tsakani. Kafin a ɗebi yawun kowa kuwa, a nemi yardar manyan gida, a kuma sanar da su tun da wuri cewa sakamakon yana iya taɓa nasabar wasu da ba su nemi a bincika ba, cikinsu har da 'yan matan gidan da ba a riga an aurar ba.