Darasi Na 14: Man Giya Na Mota Otomatik

Wajen giya motoci iri biyu ne. Akwai wadda direba ke canja mata giya da hannunsa. Akwai kuma mai canjawa da kanta, watau otomatik. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara ƙera irinta da yawa a shekarar 1939.

To, wa ke canja mata giya? Mai ne. Cikin akwatin giya akwai famfo. Inji ke juya shi, shi kuwa ya tura mai da ƙarfi. Ƙarfin nan ke matse faya-fayen da ke riƙe giya. In ya ragu, sai su riƙa zamewa, su yi zafi, su ƙone.

Ga alamun raguwarsa. Mu sa giya a D ko R, mota ta jima ba ta ja ba. Mu taka totur, inji ya yi ta ruri, tafiya kaɗan.

Duk mun san injin ban-ruwa. In ruwan rijiya ya ja baya, ko shara ta toshe bakin tiyo, ba ya turo ruwa sosai. Haka famfon giya yake. Saboda haka mu fara da abin da ya fi sauƙi.

1. Mu tsai da mota a wuri mai daidai, mu ja birkin hannu, mu sa giya a P. Yawancin motoci sai inji ya yi ɗumi, yana aiki, ake auna mansu.
2. Mu zaro sandar awo, mu goge, mu mayar, mu sake zarowa. In mai bai kai alama ba, mu ƙara kaɗan-kaɗan.
3. Sai irin man da littafin motar ya faɗa. Kada mu zuba baƙin man inji. Kada kuma mu cika ya wuce alama, don zai yi kumfa.
4. Mu leƙa ƙarƙashin mota. Man giya ba ya ƙarewa haka kawai, sai da yoyo.
5. Mu dubi launinsa. Yawanci ja ne. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ɓarna ta soma.

In mai ya cika amma ciwon na nan, ko motar ba ta da sandar awo, sai wurin makanike. Shi zai auna ƙarfin man, ya canja matatarsa in ta toshe, ya duba famfo. Kada mu ce bari mu lallaɓa mu kai kasuwa tukuna. Kuɗin galan ɗin mai kaɗan ne, na akwatin giya kuwa sai an sayar da sa.

Tambayoyi
1. Me ke canja giya a mota otomatik?
2. Me zai faru in mai ya wuce alama?