Saƙon da ke hana jijiyar laka tohowa

Yara, ku shafa tsakiyar bayanku. Kun ji ƙasusuwa jere kamar ƴaƴan tasbaha? Cikinsu akwai rami, cikin ramin akwai laka. Ba lakar tabki ba ce. Wannan igiya ce fara mai taushi, kaurinta kamar ƙaramin yatsa, tsawonta wajen santimeta 45 ga babban mutum. Ta cikinta saƙon ƙwaƙwalwa ke sauka zuwa hannuwa da ƙafafu.

In mutum ya faɗo daga bisa icce, ko mota ta kife da shi, laka tana iya tsinkewa. Sai ƙafafu su shanye.

Jijiyar hannu in ta yanke aka ɗinke ta, tana tohowa wajen milimeta 1 kowace rana. Ta laka kuwa ba ta yin haka. Don mi?

A shekarar 1981, a ƙasar Kanada, masana biyu, David da Aguayo, suka yanko guntun jijiyar ƙafar ɓera suka dasa shi jikin lakarsa. Zaren jijiyoyin laka suka shiga guntun suka yi tsawo sosai. Amma da suka komo cikin laka sai suka tsaya. Ashe iri yana da kyau, gonar ce ba ta karɓa.

Ƙwayoyin jikinmu suna aika wa juna saƙo da sinadarai. A rigar da ke lulluɓe jijiyoyin laka akwai wani sinadari da ake kira Nogo. Aikin Martin Schwab na ƙasar Suwis ne ya tona asirinsa, tun daga 1988. In bakin zaren jijiya ya taɓa Nogo, wani ɗan kunne da ke fatar ƙwayar ya ji. Kunnen ya tada sinadarin Rho a ciki, Rho ya tada ROCK, kamar yadda umurnin sarki ke bi ta mai gari ya kai ga mai unguwa. Nan take bakin zaren ya janye kamar kan kunkuru.

Tabon da ke fitowa wurin raunin shi ma cewa yake a tsaya. Amma kada mu zarge shi da yawa, don shi ne dangar da ke hana ɓarna yaɗuwa.

An ba ɓeraye maganin da ke toshe Nogo, tafiyarsu ta gyaru. Ga mutane ana kan gwaji. Motsa jiki kuwa yana ƙara sinadarin BDNF, mai sa zaren da suka tsira su yi rassa.

Saboda haka kowane zare da ya tsira yana da amfani. In kun ga wanda ya faɗi yana kukan baya ko wuya, kada a zaunar da shi, kada a ɗora shi bisa babur. A kira ma'aikatan lafiya. In dole sai an ɗauke shi, a kwantar da shi miƙe bisa ƙyaure ko katako, mutum guda ya riƙe kansa, har gidan likita.

Tambayoyi
1. Ina laka take?
2. Mi gwajin 1981 ya nuna?
3. Don mi ba a zaunar da wanda ya ji rauni a baya?