Wace manhaja za mu zuba wa kwamfutar gida?

Jama'a, yau darasinmu a kan kwamfuta ne. A da sai a biro ake ganin ta, ko a Dosso, ko a Yamai. Yanzu ga ta ta shigo gidaje a nan Junju. Wani ɗansa ya aiko masa daga Kwatano. Wani ya sayo ta hannu a Gaya ko a Kamba. To, amma kwamfuta ita kaɗai kamar rijiya ce ba guga. Abin da ke sa ta aiki shi ake kira manhaja. Manhaja ba a taɓa ta da hannu. Tsari ne da ake zubawa cikin kwamfuta, ya nuna mata aikin da za ta yi.

Manhaja iri biyu za mu duba. Ta farko ita ce ta rubutu. Da ita ake buga wasiƙa, da takardar neman aiki, da sunayen ƴan ƙungiya, da yarjejeniyar jinginar gona. Ta biyu ita ce ta nuna bayani. Da ita ake shirya shafi-shafi masu manyan haruffa da hotuna, a haska su a bango kamar majigi. In ƙungiyar manoman rake za ta yi taron ƙarshen shekara, sakatare yana iya nuna abin da ya shiga asusu da abin da ya fita, kowa ya gani da idonsa.

Waɗanda ake da su

Akwai na kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka. Ta rubutu sunanta Word, ta fito a 1983. Ta nuna bayani sunanta PowerPoint, ta fito a 1987. Su ne aka fi sani, su ne kuma za ka tarar a mafi yawan ma'aikatu da shagunan buga takardu. Amma na kuɗi ne. Ko dai ka saya gaba ɗaya, kamar Office 2024, ko ka riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara, wannan shi ne Microsoft 365. Na biyun kamar haya yake. Ran da ka daina biya, kana iya karanta takardunka, amma ba ka iya gyara su a cikinta.

Akwai LibreOffice. Ta fito a 2010, wata gidauniya mai mazauni a Jamus ke kula da ita. Ta rubutu sunanta Writer, ta nuna bayani sunanta Impress. Kyauta ce, ba a biyan ko dala. Kuma masu ita sun yarda a kwafa a ba wani. Nauyinta kamar mega 350 ne. Mutum ɗaya in ya je inda intanet ke da ƙarfi, sai ya sauko da ita a kile, ya zo ya zuba wa kowa. Bayan an zuba ta, ba ta neman intanet.

Akwai WPS Office, ta kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin. Tana aiki a kwamfuta, tana aiki a wayar hannu. Akwai ta kyauta, sai dai takan riƙa nuna maka talla, kuma wasu ayyukan sai ka biya.

Akwai kuma Google Docs da Google Slides. Su ma kyauta ne, amma gidansu intanet. In layi ya yi rauni, ko kuɗin wayarka ya ƙare, aiki ya yi wuya.

Tambayoyi huɗu kafin ka zaɓa

Matambayi ba ya ɓata. Kada ka ce wa mai gyara, "Zuba mini abin da kowa ke zubawa." Ka fara tambayar kanka.

Na ɗaya, wane aiki zan yi? In wasiƙa ce da lissafin ƴan ƙungiya da shafi goma na taro, kowace daga cikinsu tana yi. Ba sai ka sayi mai tsada ba. Wanda zai kai buhu biyu kasuwa ba ya ɗaukar hayar babbar mota, amalanke ya ishe shi.

Na biyu, ina da intanet kullum? In amsar a'a ce, ɗauki wadda ke zaune cikin kwamfutar, tana aiki ko babu layi.

Na uku, wa zan kai wa takardar? Wannan wuri a kula da shi sosai. Kowace manhaja tana da irin yadda take ajiye aiki. Za ka gane shi a ƙarshen sunan takardar. Na Word yana ƙarewa da docx, na PowerPoint da pptx. Na Writer yana ƙarewa da odt, na Impress da odp. LibreOffice tana buɗe docx, tana kuma iya ajiyewa da shi, in ka zaɓa. Amma wani lokaci layi yakan goce, shafi ɗaya ya zama biyu. Saboda haka in bugawa kawai za a yi, maida takardar ta zama PDF. Shi PDF kamar hoto yake. Yadda ka shirya shi a Junju, haka zai fito a Gaya, haka zai fito a Dosso.

Na huɗu, tana rubuta Hausa daidai? Ga babbar magana.

Haruffa masu lanƙwasa

Mun sha wuya kafin mu koyi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Kada mu yar da su don mun samu kwamfuta. Ƙoƙo daban, koko daban. Baƙi daban, baki daban. Ƙasa daban, kasa daban. Wanda ya rubuta "an ɓata" ba tare da lanƙwasa ba, mai karatu zai iya ɗauka "an ba ta" ake nufi. In maganar kuɗin ƙungiya ce, ka ga rigima ta tashi.

Kuma tun 2025, kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Ke nan rubuta Hausa daidai ba wasa ba ne.

Abin da ya kamata mu sani shi ne, haruffan nan ba a hannun manhajar rubutu kaɗai suke ba. Abu biyu ake so. Na farko, a sa wa kwamfutar allon haruffan Hausa. Windows yana da shi a cikin tsarin harsuna, kunna shi kawai ake yi. Na biyu, a zaɓi samfurin rubutu mai ɗauke da haruffan. Akwai wani mai suna Andika, ƙungiyar SIL ta yi shi musamman don sababbin masu karatu, kuma kyauta ne. In samfurin ba shi da harafin, sai ka ga ɗan akwati a madadin ƙ, ko harafin ya fito bare cikin ƴan uwansa.

Ka kuma dubi allon haruffan kwamfutar da kanta. Wadda aka yi don ƙasashe masu Faransanci, layin haruffa na sama yana farawa da A Z E R T Y. Wadda ta biyo ta Najeriya, yawanci Q W E R T Y ne. Duk suna aiki. A dai daidaita tsarin da abin da ke rubuce a maɓallan, don kada ka danna A ka ga Q.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ka bar shagon mai gyara, ka ce ya buga maka wannan: Ƴar Ɗanladi ta ɓoye ƙwarya a ɗaki. Ya fitar da ita a takarda. In duk haruffan sun fito, manya da ƙanana, to madalla.

Hattara da ta sata

Akwai masu zuba maka Word a kan kuɗi kaɗan, ba tare da izinin masu ita ba. Araha ba ta ado. Irin wannan sau da yawa tana zuwa da cutar kwamfuta. Cutar tana iya lalata takardunka, tana kuma bin kile ta shiga kwamfutar maƙwabci. Ka tuna kuma, Office 2016 da Office 2019, kamfanin ya daina aiko musu da gyara tun 14 ga Oktoba 2025. Suna aiki har yanzu, amma kamar gida ne da aka daina yi wa yaɓe. In ba ka da kuɗin ta gaskiya, ɗauki ta kyauta, hankalinka kwance.

Kowace ka zaɓa, kuran yana ɗaukewa ba sallama. Ka saba da danna Ctrl da S tare, duk bayan layi kaɗan, don aikinka ya ajiyu. Takarda mai muhimmanci kuwa, a kwafe ta a kile, a kuma buga ɗaya a adana cikin akwati.

Shawara

Mai aikin gida ko na ƙungiya, wanda intanet ba ta ishe shi ba, LibreOffice ta wadatar da shi. Wanda kullum yake musayar takardu da ma'aikatu, kuma yana da hali, ya sayi Word ta gaskiya. Wanda wayar hannu kaɗai gare shi, ya gwada WPS ko Google Docs. Kowa ya auna aikinsa da aljihunsa.

Tambayoyi

1. Mece ce manhaja?
2. Wace manhaja ce kyauta, kuma take aiki ba intanet?
3. Don me ake maida takarda PDF kafin a kai bugu?
4. Kawo kalmomi uku da ma'anarsu ke sakewa in an bar lanƙwasa.

Aiki: Rubuta wasiƙa mai layi biyar zuwa ga shugaban ƙungiyarku, ka gaya masa manhajar da kake ganin ta dace da ku, da dalilinka. Ka ja layi a ƙarƙashin kowane harafi mai lanƙwasa.