Sammore a awaki: yadda juriya ta bambanta tsakanin iri da iri

Sammore cuta ce ta jini wadda ƙudan tsando ke yaɗawa. Makiyaya sun fi saninta a shanu, shi ya sa idan akuya ta fara ramewa ba a cika kawo cutar a rai ba, sai a ɗora laifin a kan tsutsar ciki ko ƙarancin kiwo. Alhali tana kama awaki, kuma ƙwayoyin da ke haddasa ta iri ɗaya ne da na shanu: Trypanosoma congolense, da T. vivax, da T. brucei. Ta biyun ba ta dogara da tsando kaɗai ba, domin wasu ƙudaje masu cizo suna iya ɗaukarta a baki daga wannan dabba zuwa waccan, har a wuraren da babu tsando.

Babbar ɓarnar cutar ita ce cinye jini. Zazzaɓi yakan zo ya tafi, kaluluwa ta kumbura a gaban kafaɗa, gashi ya tashi, mai ciki ta yi ɓari. Ma'aikacin lafiyar dabbobi yakan fara da janyo fatar idon akuya ta ƙasa da babban yatsa. A lafiyayya ja take, a wadda sammore ya ci kuwa ta koɗe fari fat. Daga nan sai a ɗebi jini a siririn bututun gilashi, a juya shi a na'ura har jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa. A lafiyayyar akuya sukan kai kashi 22 zuwa 38 cikin ɗari na jinin. Da wannan ma'auni ake gane juriya.

Gajeruwar akuyar kurmi, wadda ake kiwo a kudancin Najeriya da sauran gaɓar Afirka ta Yamma, ita ce ta yi suna a nan. Tsayinta bai cika wuce santimita 50 ba, amma ta yi ɗaruruwan shekaru tana zaune da tsando, waɗanda ba su iya jurewa ba sun mutu tun ba su bar baya ba. Ƙwayar cutar tana shiga jininta kamar kowace akuya. Bambancin shi ne jikinta yana danne yawan ƙwayoyin, ɓargonta kuma yana mayar da jinin da aka rasa da wuri, sai ta ci gaba da ci da haihuwa. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira ta Maraɗi, ba ta da wannan gado. A gwajin da aka yi a Najeriya, inda aka sa wa iri biyun T. congolense, jinin jar akuyar ya fi saurin faɗuwa. Doguwar akuyar Sahel ma haka take, ga jiki ga nono, amma ƙasarta ta asali busasshiya ce, ba ta saba da tsando ba. Awakin madara na Turai, irin su Saanen da Toggenburg, sun sha wuya a yankunan tsando na Kenya fiye da ƙananan awakin gida.

Sai dai juriya ba rigakafi ba ce, kuma ta awaki ba ta kai ta shanun N'Dama da Muturu ƙarfi ba. Yunwar bazara tana karya ta. Ciki da shayarwa suna karya ta. Tsutsar ciki mai shan jini kuwa, idan ta haɗu da sammore a damina, ko akuyar kurmi sai ta kwanta. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: akuya mai juriya tana iya yawo garau da ƙwayar a jininta, ƙuda ya cije ta ya kai wa baƙuwar da aka sayo jiya.

A nan kuskuren saye yake. Mai kiwo a bakin kogi mai duhuwa, a kudancin Kaduna ko kwarin Binuwai, yakan ga ƙaton bunsuru a kara, ya saya don ya gyara iri. 'Ya'yan za su fi girma, amma babu tabbacin za su gaji juriyar uwayensu, shi kansa bunsurun yana iya ramewa kafin ya yi barbarar kirki. Wanda zai yi haka ya tanadi harawa da dusa, da maganin tsutsa, da kuɗin allura.

Allurar rigakafi babu ita, saboda ƙwayar tana sauya rigar jikinta kafin garkuwar dabba ta gama gane ta. Abin da ake da shi magani ne: diminazene, wanda aka fi sani da Berenil, da isometamidium, wato Samorin. Ƙaramin ƙunshin Berenil na giram 2.36 an auna shi ne don saniya mai kilo 300, akuya mai kilo 25 kashi ɗaya cikin 12 kawai take buƙata. Awo da ido yakan sa a zarce a cutar da ita, ko a gaza a koya wa ƙwayar jure magani. Gwajin jini kafin allura shi ne daidai, kuma cibiyar binciken sammore ta ƙasa da ke Kaduna da asibitocin dabbobi na jami'o'i suna yin sa.