Ɗan Ƙaura Zai Yi Ƙaura: Gargaɗi Ga Mai Shirin Tafiya Ostireliya

Ɗana, sau uku kana zuwa mini da zancen Ostireliya, kuma duk sau ukun na lura idonka yana kan hoton da abokinka ya turo, ba kan takardun da za su kai ka ba. Ba zan hana ka tafiya ba. Garin namu ma tasha ne: tun 1929 da layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya zo ya ƙare a Ƙauran Namoda, muke ganin masu tashi da masu sauka. Amma inda za ka ɗin nan, ko Ba'amurke da ya tashi da Ingilishi a bakinsa sai ya yi watanni yana lalube, balle kai. Zauna ka ji, kuma kada ka katse ni.

Kada ka ba kowa ko kwabo da sunan "bizar aikin gona". Da wannan na fara don ita ce ta fi cinye kuɗin yaranmu. Gaskiya ne Ostireliya tana da bizar da matasa ke shiga da ita su yi yawon buɗe ido suna tsinkar tuffa da inabi a gonaki, amma Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake ba ta. Akwai kuma shirin ɗaukar leburorin gona, shi kuma na mutanen tsibiran tekun Pasifik ne da Timor ta Gabas. Duk ejan da ya ce maka yana da hanya, hanyar aljihunka yake nufi. Gwamnatin can tana da rajistar wakilan shige da fice da ta amince da su, a intanet take, kowa na iya dubawa. Wanda ba ka ga sunansa a ciki ba, ku rabu a gaisuwa.

Ka zaɓi ƙofa ta gaskiya, ka kuma san kuɗinta. Ga irinka, ƙofofin biyu ne: karatu ko sana'a. Bizar ɗalibi ita ce mai lamba 500. A watan Yulin 2025 kuɗin neman ta kaɗai ya kai dalar Ostireliya 2,000, kuma in an hana ka ba a mayar maka. Tun watan Mayun 2024 sai ka nuna kana da dala 29,710 na ci da kwana na shekara ɗaya, ban da kuɗin makaranta, da inshorar lafiya, da tikitin jirgi. Ɗauki biro ka juya su zuwa naira a farashin yau, sannan ka je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ka tambayi kuɗin sa, ka ga shanu nawa ke nan. In lissafin bai fita ba sai an sayar da gonar gado, to bai fita ba. Ƙannenka mata suna da rabo a gonar nan, kuma ba su ce za su Sidni ba.

Kada ka ɗauka takardar Poli za ta yi magana da kanta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin nan makaranta ce mai mutunci, tun 1983 aka kafa ta, amma a can sai hukumar da ke kula da sana'arka ta auna takardar tukuna. Injiniya sai ya bi ta Engineers Australia, mai walda ko lantarki ko kanikanci ta Trades Recognition Australia, ma'aikaciyar jinya sai ta yi rajista da AHPRA. Bizar masu sana'a da maki ake ba ta, 65 shi ne mafi ƙanƙanta, kuma wanda ya cika shekara 45 ƙofar ta rufe masa. Jarrabawar Ingilishi, IELTS ko PTE, ba makawa. Kada ka tsaya gardamar cewa da Ingilishi aka koyar da kai tun firamare, ba mai sauraronka. Biya ka zauna.

Kada ka saka takardar jabu ko guda. Ba bayanin banki na aro ba, ba shaidar aikin da ba ka yi ba, ba ragin shekaru ba. Wanda aka kama da ƙarya a takardun biza ana iya rufe masa ƙofa shekara uku, kuma tabon yana bin sunansa duk inda ya sake nema. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a kwamfutar mutanen nan kuwa ya fi ƙurewa.

Kada ma ka saurari mai zancen shiga ta jirgin ruwa. Tun 2013 dokarsu ita ce wanda ya zo ta teku ba biza ba zai zauna a ƙasar ba. Tsibirin Nauru ake kai irinsu.

Ka bayyana duk abin ci da ke jakarka. Na san Inna. Za ta cusa maka kilishi, da daddawa, da kuka, da yaji, wataƙila har da garin fura da ɗan maganin gargajiya a ƙulle, ta ce kada ka faɗa wa kowa. A nan kaɗai na yarda ka saɓa mata. Ostireliya tsibiri ce da ke rayuwa da kiwo da noma, tana tsoron cutar dabbobi da ƙwarin amfanin gona kamar yadda muke tsoron fari. A cikin jirgi za a ba ka kati ka cike, a filin jirgi kuma akwai karnuka masu shinshina jaka. Kilishi ka cinye shi kafin ka sauka, ko ka bar wa ƙannenka. Sauran ka rubuta cewa kana ɗauke da su, ka buɗe jaka da kanka. Mafi muni shi ne a karɓe a zubar. In kuwa ka ɓoye aka gano, tara ce ta dubban daloli, kuma ana iya soke bizarka a nan take a juyo da kai. Ka yi tunanin shigowa Ƙaura bayan kwana huɗu, ana tambayarka abin da ya faru, ka ce kilishi. Ka wanke takalmanka ma, laka a tafin takalmi abin tambaya ce a wurinsu. Kuɗin hannu kuma in sun kai dala 10,000 dole ka faɗa.

Kada ka miƙa wa ma'aikaci "na goro". Ko ɗan sanda, ko mai duba tikiti, ko na ofis. Nan gida mun saba da "a yi haƙuri, ranka ya daɗe", a kira wane ya kira wane, magana ta mutu. Can sau da yawa ba ma mutum ne zai kama ka ba. Kyamara ce a kan titi za ta ɗauke ka kana gudu ko kana riƙe da waya, takardar tara ta iske ka a gida. Wa za ka roƙa? Ka ɗaura bel, ka sa hular kwano ko da keke za ka hau. Tuƙi a hannun hagu suke yi, irin wanda muka bari a 1972, saboda haka kafin ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa. Wuƙa kuma ka bar ta a kicin, yawo da ita ba dalili laifi ne.

Ka gyara alƙiblarka tun daren farko. Mu nan "gabas" da "alƙibla" kalma ɗaya ce a bakinmu. A Sidni da Melbon alƙibla yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa. In ka shimfiɗa darduma ka fuskanci fitowar rana kamar yadda ka saba, ka ba Ka'aba baya. A yawancin unguwanni ba ladanin da zai tashe ka, sai wayarka. Shekarun nan azumi yana faɗawa cikin zafin can, a Melbon kuwa cikin Janairu rana kan kai kusan ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba, azumi ya kai awa 16. Zancen Juma'a ka yi shi da mai gidan aikinka tun ranar farko, a sarari, ka ce za ka rama lokacin. Kada ka riƙa sulalewa.

Kuma kada ka shiga kana ɗari-ɗari kamar kai ne Musulmin farko da ya taka ƙasar. Ƙidayar 2021 ta sami Musulmi fiye da 800,000. Tun wajejen 1860 aka kawo masu raƙuma daga Afghanistan da yankin Indiya, su suka yi ta safarar kaya a hamadar ƙasar kafin jirgin ƙasa ya kai. Masallacin da suka gina a Adelaide tun ƙarni na 19 yana nan ana salla a ciki, jirgin ƙasan da ke ratsa ƙasar daga Adelaide zuwa Darwin ma don tunawa da su ake kiransa Ghan. Ka nemi masallaci a makonka na farko, Lakemba ko Auburn in a Sidni kake. Can za ka ji inda ake sayar da naman halal da inda ɗaki ya faɗi.

Kada ka raina sanyi. Yuni, Yuli da Agusta, lokacin da ake tsakiyar damina a Zurmi, su ne hunturunsu. Gidaje da yawa ba sa riƙe ɗumi. Ka sayi rigar sanyi ta gaske.

Ka ɗaga kai ka dubi mai yi maka magana. Wannan zai yi maka wuya, don mu muka koya maka sunkuyar da kai gaban babba. Can wanda ke kallon ƙasa ana ɗauka yana ɓoye wani abu. Malaminka, ko da farfesa ne mai furfura, zai ce ka kira shi da sunansa na yanka, ka kira shi. Ba rusunawa, ba kirari. Su ma ba sa son mai cika baki, saboda haka zancen ku jinin wane ne ka bar shi a tasha. In mace ta miƙo maka hannu kuma ba ka gaisawa da mata, ka dafa ƙirji, ka yi murmushi, ka faɗi dalili a jimla ɗaya. Kada ka bar hannunta a iska kana muzurai. Tana iya zama ita ce shugabarka a wurin aiki, kuma umarninta umarni ne.

Kada ka makara. "Bayan la'asar" ba lokaci ba ne a wurinsu. Ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu ne.

In an gayyace ka walima aka ce ka zo da faranti, ba fankon faranti ake nufi ba, abinci za ka dafo. In an fita cin abinci, kowa shi ke biyan nasa, kada ka ga rowa ce. Za a miƙo maka giya, ka ce ba ka sha, ka karɓi lemo, ba sai ka yi wa'azi ba. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka. Ni na ƙara da cewa ka duba wutsiyar tukuna.

Kada ka wuce awa 48 na aiki a mako biyu in da bizar ɗalibi kake kuma ana cikin zangon karatu. Ka karɓi lambar haraji, a biya ka ta banki. A Yulin 2025 an tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan dala 24.95 a awa. Mai cewa zai ba ka rabin haka a hannu "don taimako" ya san bizarka ce a hannunsa, kuma sau da yawa baƙo ne irinka. Akwai hukumar Fair Work Ombudsman da ke karɓar ƙorafin ma'aikaci, har da ɗan ƙasar waje. Kuɗin haya kuma na mako ake rubutawa, ba na shekara ba kamar nan. Kada ka ga dala 300 ka yi hamdala.

Kada ka shiga teku don ka iya iyo a Gagare. Gulbi daban, teku daban. Akwai igiyar da ke jan mutum ciki alhali saman ruwan lumui yake. Tsakanin tutocin nan masu ja da rawaya kaɗai ake wanka, nan masu ceto suke. Lambar neman agaji 000 ce.

Ka san dokar gida kafin ka ɗauko iyali. Ɗaura aure na biyu alhali na farko yana nan laifi ne a dokarsu, biza ma mace ɗaya ta sani. Dukan mata ɗan sanda yake kawowa, ba kawu mai sulhu ba. Yaro in ya je makaranta da shatar bulala, wajibi ne malamarsa ta kai rahoto. Ragon layya kada ka kayar da shi a bayan gidan haya. Ka biya mahauta na halal, ko ka turo kuɗin nan a yanka a raba, inda ake da masu buƙatar naman.

Kada ka sa baki a raina 'yan asalin ƙasar. Za ka ji ana aibata Aborijin, wani lokaci daga bakin baƙi 'yan'uwanka. Mutanen nan sun yi dubban shekaru a wurin kafin jiragen Ingila su iso a 1788. An ƙwace musu ƙasa, an raba su da 'ya'yansu, sai a 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Dokar da ta fifita farar fata wajen shiga ƙasar kuma, wadda aka kafa a 1901, sai 1973 aka kammala kawar da ita. Kafin nan ni da kai ba mu isa mu nemi zama ba. Kai da ka ga mutanen ƙauyukan Zurmi da Shinkafi sun baro gonakinsu da ƙunshi a ka, kai ne na ƙarshe da ya kamata ya yi wa wanda aka raba da ƙasarsa dariya.

Kada ka turo hoto a jikin motar da ba taka ba. Hoto irin wannan ne ya kawo ka wurina.

Ka ware ranar kiran Inna, kada ka saɓa. Sidni tana gabanmu da awa tara, daga Oktoba zuwa farkon Afrilu kuma awa goma. Hantsinka tsakar darenmu ne, kuma ka san abin da ƙarar waya da tsakar dare ke sa wa zuciyar uwa a Zamfara yanzu. Ka kira bayan magaribar can, lokacin ta gama karin kumallo. Ka tuna Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya. Kafin ka tashi, ka karɓi lambar ɗan'uwa ɗaya a Kano, ɗaya a Zariya, ka rubuta su a takarda ka sa cikin fasfo.